Zuwa Garuruwan Zamiyar Ƙanƙara Masu Tsada da Ƙaramin Aljihu: Tambayoyi da Amsoshi

Zermatt da St. Moritz a Suwizalan, Chamonix da Courchevel a Faransa, Aspen da Vail a Amurka, Whistler a Kanada. Da an ambaci waɗannan sunaye, attajirai ne ke faɗo wa mutum a rai. Amma duk otal ɗin da ake kwana a dubban daloli yana da mai wanke kwanuka, da mai gyaran gado, da direban bas, kuma su ma a yankin suke kwana, da albashinsu suke ci suna sha. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga bin sawun waɗannan ma'aikata suka fito: ina suke kwana, a wane kanti suke cefane, wace mota suke hawa.

Tsakani da Allah, mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuwa irin waɗannan wurare?

Zai iya. Sai dai kada wani ya ruɗe ka cewa tafiyar za ta zama araha, domin ba za ta zama ba. Abin da za ka iya shi ne ka rage ta ƙwarai. Bayan kuɗin jirgi, kuɗin yana tafiya ne ta ƙofofi huɗu: masauki, tikitin lif, hayar kaya da darasi, sai abinci. Lif a nan shi ne kujeru da akwatunan da ke rataye a igiyar ƙarfe suna hawa da mutane kan dutse. Masauki ne babbar ƙofa, kuma ita ce ta fi sauƙin tsukewa.

Me ya sa garuruwan ke da tsada haka?

Ƙasa ce ta yi kaɗan. Galibinsu a cikin kwari suke, duwatsu sun matse su ta ko'ina, kuma ba kowane gangare ake yarda a yi gini a kai ba saboda zaftarewar dusar ƙanƙara. Ga shi lokacin ciniki gajere ne, daga Disamba zuwa Afrilu, don haka mai otal yana son ya fitar da yawancin kuɗin shekara cikin wata huɗu ko biyar. Masu kuɗi kuma sun sayi gidajen hutu suna kullewa sai sun zo, har ta kai a shekarar 2012 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'a cewa irin waɗannan gidaje kada su wuce kashi 20 cikin 100 a kowace ƙaramar hukuma.

Abin mamaki, da yawansu da talauci suka faro. Aspen garin haƙar azurfa ne da ya durƙushe bayan faɗuwar darajar azurfa a 1893, bai farfaɗo ba sai a shekarun 1940 da aka kafa lif. Zermatt ƙauyen manoma da makiyaya ne, har zuwa 14 ga Yuli 1865 da Edward Whymper da tawagarsa suka fara taka ƙololuwar dutsen Matterhorn, huɗu daga cikinsu suka mutu a hanyar saukowa, labarin ya cika Turai, baƙi suka fara tururuwa. Chamonix ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, St. Moritz ta karɓa sau biyu, a 1928 da 1948. Wani ɓangare na abin da kake biya kuɗin suna ne kawai.

Wane lokaci ne ya fi sauƙi?

Ka guji makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara kamar yadda ake gudun wuta. Ka guji Fabrairu a Turai, domin lokacin ne makarantun Faransa da Ingila da wasu ƙasashe ke hutu, iyalai su cika ko'ina. A Amurka kuma ka kauce wa ƙarshen makon hutun Martin Luther King a Janairu da na ranar shugabanni a Litinin ta uku ta Fabrairu.

Abin da ya rage: farkon Disamba, tsakiyar Janairu, da ƙarshen Maris zuwa Afrilu in an cire makon Ista. Kowanne da aibinsa. A farkon Disamba ƙanƙara ba ta gama sauka ba, wataƙila rabin hanyoyin a rufe. Janairu ta fi sanyi, rana kuma gajera ce, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya fara. A Afrilu rana ta yi tsawo, gari ya yi daɗi, amma da azahar ƙanƙarar ƙasa-ƙasa ta zama caɓi. In da ni ne zan zaɓa wa sabon shiga, sai in ce Maris: ba ka shan azabar sanyi kana koyo, kuma a garuruwa masu tsayi irin Zermatt, da ke kusan mita 1,600, ƙanƙarar sama tana nan daram.

Kwanakin mako ma suna da bambanci. A duwatsun Alps na Turai yawancin gidajen haya daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa, shi ya sa ranar Asabar hanyoyi da filayen jirgi ke cushewa, kujerar jirgi ta yi tsada. Mai zuwa kwana uku ya zo Lahadi ko Litinin.

To ina zan kwana?

A nan ne ake cin tafiyar ko a faɗi. Duk takun da ka yi nesa da bakin lif, kuɗin ɗaki na sauka, kuma in ka gangara kwari gaba ɗaya sai ka ga kamar wata ƙasa ka shiga.

Zermatt ce ta fi nuna wannan. Ba a shiga garin da mota, kowa a Täsch yake ajiye motarsa, kilomita 5 a ƙasa, ya hau jirgin ƙasa da ke tashi kowane minti 20, tafiyar kusan minti 12. Tunda dole ma a bi ta Täsch, me zai hana a kwana a can? Ma'aikatan Zermatt da yawa can suke zaune. Ƙasa da ita akwai Randa da St. Niklaus, can gindin kwari kuma Visp, kusan awa ɗaya a jirgi. Mai son Courchevel da Méribel ya duba Brides-les-Bains, garin da ke ƙasa wanda aka haɗa da Méribel da lif albarkacin Olamfik ɗin Albertville ta 1992. Daga nan ake shiga yankin nan na kwaruruka uku mai hanyoyin zamiya kusan kilomita 600. A Chamonix akwai Les Houches da Servoz. Kusa da St. Moritz akwai Samedan. Masu aiki a Aspen da yawa daga Basalt da Carbondale da Glenwood Springs suke zuwa kullum a bas, na ƙarshen kusan kilomita 65. Whistler kuma tana da Squamish a kudu da Pemberton a arewa.

Amma ka yi lissafi da biro kafin ka yi murna. Ka haɗa kuɗin jirgi ko bas na zuwa da dawowa, sau yawan mutanenku, sau yawan kwanaki. Ga mutum ɗaya ko biyu kusan kullum akwai riba. Ga iyali mai mutum biyar, wani lokaci abin da aka rage a ɗaki shi ake zubarwa a tasha, ga wahalar jan yara da asuba cikin takalma masu nauyi. Ka kuma duba lokacin tashin motar ƙarshe da dare.

In kuma ka nace sai cikin garin, ka nemi masaukin matasa inda ake haɗa gadaje a ɗaki ɗaya. Zermatt da St. Moritz duk suna da shi, kuma ba a hana dattijo. Ko ku haɗu ku huɗu ko shida ku kama gida mai kicin. Kicin ɗin nan shi ne rabin dabarar. Ɗakuna masu sauƙi su ake fara kwashewa tun kafin hunturu, to ka kama naka da wuri.

Dole ne sai na yi zamiyar?

Ko kaɗan. Ka tambayi kanka tun kafin ka sayi tikitin jirgi: zamiya ta kawo ni ko kallo? In kallo ne, ka riga ka toshe ƙofofi biyu cikin huɗun nan.

Dutsen ba a biyan kuɗin ganinsa. A Zermatt mutane kan taru da sassafe a kan gadar da ke kusa da coci su ga hasken rana ya fara sauka a kan Matterhorn, mai tsayin mita 4,478, kuma wanda ya kwana a otal mafi tsada bai fi ka ganin komai ba. Nan kusa akwai maƙabartar mahaya duwatsu, da tsohuwar unguwa mai rumbunan katako da aka ɗora a kan faffaɗan duwatsu don kada ɓeraye su hau. A St. Moritz tafkin garin kan daskare har a yi yawo a kai, a Fabrairu ma sukuwar dawaki ake yi a kansa. Gidan adana zane-zane na Aspen kyauta ake shiga. Kusan kowane gari yana da hanyoyin ƙafa da ake sharewa a hunturu.

Sai ka ware kuɗin hawa ɗaya mai kyau. A Zermatt jirgin ƙasan Gornergrat, da aka buɗe a 1898, yana kai ka mita 3,089 cikin ɗan fiye da rabin awa. A Chamonix lif ɗin Aiguille du Midi na ɗauke ka daga mita 1,035 zuwa 3,842 cikin kusan minti 20, ga Mont Blanc a gabanka. Kada ka saya tun daga gida. Ka jira safiyar ranar, ka duba kyamarorin da wuraren ke nunawa kai tsaye a intanet. Babu takaicin da ya kai ka biya maƙudan kuɗi ka hau ka tarar da farin hazo.

Ta yaya ake rage kuɗin tikitin lif?

Kada ka saya a taga ranar da za ka hau. Wurare da yawa yanzu farashinsu na hawa da sauka ne kamar na jirgin sama, mai saye da wuri a intanet shi ke samun sauƙi.

A Amurka abin ya fi tsanani. Tikitin yini ɗaya a taga a Vail ya haura dala 250 a ranakun cunkoso, kuma da gangan ne: so suke ka sayi tikitin dukan kakar hunturu tun da wuri. Epic Pass, wanda aka fara a 2008, shi ke shigar da kai Vail da Park City da Whistler. Ikon Pass, na 2018, yana ba da ƙidayayyun kwanaki a Aspen, har da Zermatt da Chamonix. Sun fi araha in an saya a watannin Maris da Afrilu don kakar da za ta zo, kuma ana daina sayarwa wajen farkon Disamba. Epic na da na 'yan kwanaki ga wanda ba zai daɗe ba. A Turai tikitin yini bai kai na Amurka ba ko kusa, ko da a Suwizalan ne.

Sannan kada ka sayi abin da ƙafarka ba za ta ci ba. Sabon shiga ba ya bukatar tikitin kilomita 600. A fili ɗaya zai wuni yana faɗuwa yana tashi. Ka nemi tikitin masu koyo, ko na rabin yini. A Courchevel da Val d'Isère akwai ma lif na masu koyo da ba a biya.

Ban taɓa yi ba. Abokina ba zai iya koya mini ba?

Zai iya koya maka faɗuwa. Aboki yakan gaji bayan awa ɗaya ya ce ka biyo shi sama, kuma daga nan gwiwa ke tafiya. Ka shiga darasin rukuni, ya fi na mutum ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba, safiya biyu ko uku sun isa ka iya tsayawa da juyawa. A Faransa malaman ESF, makarantar koyar da zamiya ta ƙasar, masu jajayen kaya suna kusan kowane dutse.

Ka san launin hanyoyi. A Turai shuɗi mai sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, Faransa kuma tana da kore a ƙasa da shuɗi. A Amurka da Kanada koren da'ira ne mai sauƙi, shuɗin murabba'i matsakaici, baƙi na ƙwararru. Ka lura: shuɗin Amurka ba na masu koyo ba ne.

Kaya fa, saye ko haya?

Allunan zamiya da sanduna da takalma da hular kwano, duk haya. Ka kama ta intanet kafin ka iso, a shagon da ba ya bakin lif, ka zaɓi aji mafi ƙasa, domin mai koyo ba zai ji bambancin allo mai tsada ba. Takalmi kaɗai za ka tsaya ka gwada da kyau, in ya matse ka koma a canza, ba a ƙara kuɗi.

Tufafi kuwa kada ka saya a garin. Ka aro, ko ka sayi na hannu, ko ka tsaya a Decathlon, kantin kayan wasanni, a birnin da ka sauka. Hawa uku ake sawa: na jikin fata mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta da amfani a nan, in ta jiƙe da gumi sai ta zama ita ce sanyin. Safar hannu mai hana ruwa ita ce ba a yi mata rowa. Araha ba ta ado, kuma yatsun da suka ƙage sukan kashe yini guda da ka riga ka biya.

Abinci?

Babban kanti. A Zermatt akwai Coop da Migros, inda mutanen gari ke cefane. Ka karya a masauki, ka ɗaura abincin rana a jaka da filas na shayi. Gidajen abincin kan dutse su ne mafi tsada, tunda komai da lif ake kai musu. A Faransa wurare da yawa suna da ɗaki mai ɗumi da aka ware wa masu zuwa da guzurinsu, ka tambaya. Ruwan famfo a Alps mai kyau ne, gora kawai za ka riƙe. In kana son ka zauna a gidan abinci sau ɗaya, ka je da rana ka ci abincin da suka tsara na ranar, ya fi na dare sauƙi. A Amurka ka tuna da haraji da ladan mai kawo abinci, kashi 15 zuwa 20 cikin 100, waɗanda ba sa cikin farashin da aka rubuta.

In yi hayar mota?

A Alps, ban ba ka shawara ba. Tuƙi a kan ƙanƙara sana'a ce daban. A yankunan duwatsun Faransa doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, wurin ajiye mota kuma kuɗi ne kullum. A Suwizalan jirgin ƙasa na kai ka ko'ina. Yana da tsada, amma akwai Swiss Half Fare Card na baƙi, mai aiki wata ɗaya, da ke raba kuɗin jirgi biyu, har da na Gornergrat. Manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasa na Suwizalan, kuma na sayar da tikiti masu rangwame ga mai saye da wuri. Sanannen jirgin Glacier Express na shafe kusan awa 8 tsakanin Zermatt da St. Moritz, amma jiragen yau da kullum na bin layin nan ɗin, duwatsun ba su canza ba, kuma ba ka biyan kuɗin kama kujera.

Chamonix ba ta wuce awa ɗaya da rabi daga filin jirgin Janeba ba, akwai bas. Ka nemi katin baƙi a masaukinka, yana ba da sufurin cikin kwari kyauta ko da rangwame. Tsakanin Aspen da Snowmass bas kyauta ne, haka ma cikin Park City.

Inshora dole ce? Ita nake so in tsallake.

Tsallake komai, banda ita. Mai neman bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, dole ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, amma yawancin irin waɗannan ba su haɗa da wasannin hunturu ba sai an ƙara. Ka karanta takardar, ka tabbata ta ambaci zamiya da ceto daga kan dutse. A Faransa ko a gadon da ake ja a kan ƙanƙara aka sauko da kai sai an kawo maka takardar biya, shi ya sa ake sayar da ƙaramar inshora ta Carré Neige tare da tikitin lif. In jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauko ka, maganar dubbai ake yi. A Amurka kuwa kuɗin asibiti kaɗai na iya ninka kuɗin tafiyar sau da yawa. Italiya ma tun Janairun 2022 ta wajabta wa kowane mai zamiya inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Garin neman gira kada a rasa ido.

Tsayin wurin zai dame ni?

Yana iya. Aspen kanta tana kusan mita 2,400, kuma daga wajen mita 2,500 wasu ke fara jin ciwon kai, jiri, da rashin barci. Ka ɗauki ranar farko a hankali, ka sha ruwa, in abin ya ƙi ka sauko ƙasa. Mai ciwon zuciya ko huhu ya ga likita kafin tafiya. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau. Rana kuma mayaudariya ce a can: sabuwar dusar ƙanƙara na mayar da har kashi 80 cikin 100 na haskenta mai ƙuna, yana iya ƙona ido ko wace irin fata gare ka. Baƙin tabarau da man leɓe ba kwalliya ba ne.

Waɗanne ƙananan kuɗi ne ke ɓoye?

Harajin baƙi na kowane dare a kan kowane mutum. Kuɗin shara da na zanin gado a gidajen haya. Akwatin ajiye kaya. Suwizalan da faran take ciniki, kuma tsarin kiran waya mai sauƙi na Tarayyar Turai bai shafe ta ba, layin da ka saya a Faransa na iya cinye kuɗinsa da ka tsallaka. In na'urar biya ta tambaye ka, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki.

Da yara fa?

A Zermatt yara 'yan ƙasa da shekara 9 ba sa biyan lif, wurare da yawa ma suna da irin wannan rangwame, kowa da shekarun da ya yanke. Ka riƙe fasfonsu don shaida.

Ba gara in nufi wani wuri mai araha ba?

In koyo ne burinka, gara ɗin. Bansko a Bulgeriya, Zakopane a Folan, Gudauri a Jojiya, Erciyes da Palandöken a Turkiyya, duk za su koya maka abu ɗaya da kuɗi kaɗan. Faɗuwa a Bansko da faɗuwa a Courchevel zafinsu ɗaya. Ka koya a can, ka zo wa manyan garuruwan da ƙafar da za ta ci kuɗin tikitinta.

Akwai kuma ƙofar baya. Matterhorn ɓari biyu gare shi, a ɓarin Italiya akwai garin Cervinia, inda masauki da abinci suka fi sauƙi, kuma da tikitin ƙasa da ƙasa za ka tsallaka zuwa Zermatt a kan alluna ka dawo. Ka riƙe fasfo, ka kuma sa ido a agogo da iska, domin in lif na ƙarshe ya rufe kana ɗaya ɓarin, zagayowa ta hanyar mota awanni ne, ko dai tasi mai tsadar gaske ko kwanan otal da ba ka shirya ba.

Kwana nawa ya isa?

Ga mai kallo, dare biyu, don in hazo ya rufe dutsen yau ka samu gobe. Ga mai koyo, kwana huɗu ko biyar, da hutun rabin yini a rana ta uku, ranar da cinyoyi ke fara kuka.